Ashar da Ladabi a Filin Gasar Mutum-mutumi

  A wannan fitowa Ƙungiyar 'Yan Jarida ta ɗauko batun da ya shafi 'yan kulob ɗin JETS kai tsaye, amma duk mai shiga muhawara, kacici-kacici ko wasannin gidaje zai tsinci rabonsa a ciki.

Mu ƙaddara ɗalibai biyar ne daga nan Badariya suka shafe wata uku suna haɗa wata 'yar na'ura mai taya. Sun haƙura da fita tara, sun yi karo-karo sun sayi batir, sun sha zafin watan Afrilu a ɗakin kwamfuta ba wuta ba fanka. Ranar gasa ta zo. Aka ba da izinin farawa, na'urar ta ɗan yi gaba, sai ta karkace ta ture abin da aka aike ta ta ɗauko. Nan take wanda ya saita ta ya juyo ya ɗura wa abokinsa ashar, ga alƙali tsaye a gefensu da takardar maki a hannu. Me zai biyo baya? Da yawanmu za su ce ba komai, tunda inji ake gwadawa. To amma a manyan gasannin mutum-mutumi na duniya, wannan kalma guda tana iya rage wa ƙungiya maki, tana iya jawo mata kati, idan abin ya yi muni ma a cire ta daga wasa. Ga yadda abin yake da dalilinsa.

Wace irin gasa ce?

Idan aka ce mutum-mutumi, wato robot, wasu sai su ɗauka wani ƙarfe ne mai kai da ƙafa irin na fim. Na gasar ɗalibai ya fi kama da ƙaramar kura mai taya, da hannu ɗaya ko biyu na ɗaukar kaya, da 'yar kwamfuta a cikinsa wadda ɗalibai ke rubuta wa umarni. Ana ba shi aiki, kamar ya ɗauko ƙwallo ya jefa a rami ko ya tura wani abu zuwa gurbinsa, cikin ƙayyadadden lokaci.

Ƙungiyar da ta fi suna a wannan fage ita ce FIRST, wadda wani mai ƙirƙire-ƙirƙire ɗan Amurka, Dean Kamen, ya kafa a 1989. Gasarta ta farko an yi ta a 1992 a zauren wasanni na wata sakandare da ke birnin Manchester na jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Daga baya ta haɗa kai da kamfanin LEGO aka buɗe gasar ƙananan ɗalibai mai suna FIRST LEGO League. A Nijeriya gidauniyar Coderina ce ke shirya wannan gasa, ana yin zagayen ƙasa a Abuja, kuma makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya suna cikin masu shiga. Irin waɗannan makarantu muna da su a jiharmu, a Gwandu da Birnin Yauri da Zuru. Akwai kuma gasar VEX, akwai gasar ƙasashen Afirka da ake kira PARC wadda Farfesa Sidy Ndao ɗan ƙasar Senigal ya assasa, akwai Robofest da ake yi a jihar Michigan ta Amurka, inda 'yan matan wata sakandare da ke garin Mamfe a Gana suka zo na ɗaya a rukunin manya a 2019. Ke nan abin bai yi mana nisa ba. Ɗalibin Birnin Kebbi ko Argungu da ya dage yana iya samun kansa a irin wannan fili.

Inda tarbiyyar ta samo asali

Tun farkon tafiyar, Dean Kamen ya haɗu da wani malamin injiniya na jami'ar MIT, Farfesa Woodie Flowers, wanda ya rasu a 2019. Shi ne ya kawo aƙidar da ta zama ginshiƙin gasar, wadda a Hausa za mu kira ƙwarewa cikin mutunci. Ma'anarta ita ce ka yi aikinka da kyau iya ƙarfinka, ka nemi nasara ba sassauci, amma ka girmama wanda kake karawa da shi, da abokin aikinka, da mai yi maka alƙalanci. Ya kan kwatanta wa ɗalibai cewa su yi halin da kakarsu za ta yi alfahari da shi da a ce tana kallo. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a gare mu. Kowannenmu ya san kalmomin da yake faɗa a gidan kallon ƙwallo waɗanda bakinsa ba zai iya furtawa ba a gaban Inna ko Kaka.

Akwai aƙida ta biyu da ke tafiya da ta farko, wato taimakon juna a tsakiyar takara. A wurin gasa ana ware wa kowace ƙungiya ɗan fili inda take gyaran na'urarta. Idan injin wata ƙungiya ya ƙone, sai a yi shela a lasifika, wata ƙungiyar ta ɗauko nata na ajiya ta ba ta, ko da ita za ta kara da ita bayan awa ɗaya. Tunanin shi ne, cin nasara a kan wanda na'urarsa ta mutu bai nuna gwanintar kowa ba.

An ga wannan a fili a watan Yulin 2017, lokacin da aka yi gasar ƙasa da ƙasa ta FIRST Global karo na farko a birnin Washington, ƙasashe sama da 150 suka halarta. Saboda takunkumi, kayan haɗin ɗaliban Iran ba su isa gare su ba. Ɗaliban wata sakandare a jihar Virginia ta Amurka ne suka haɗa musu na'urar, suna bin umarninsu ta hanyar kiran bidiyo. A wannan gasar dai 'yan mata shida daga birnin Herat na Afganistan, waɗanda sau biyu ana hana su biza kafin a bar su su shiga, sun samu lambar azurfa ta jarumta. Har yau ana ba da labarin waɗannan ƙungiyoyi biyu fiye da yadda ake tuna wanda ya fi kowa maki.

Me doka ta ce?

Ladabi a wannan gasa ba wa'azi kawai ba ne, a rubuce yake cikin littafin dokoki.

A FIRST LEGO League, ƙungiya tana ɗauke da ɗalibai biyu zuwa goma. Wasan kan tebur minti biyu da rabi ne, ana yin sa sau uku a ɗauki mafi yawan maki. Amma wannan wasa kashi ɗaya ne cikin huɗu na sakamakon ƙungiya. Sauran ukun su ne tsarin ginin na'ura, da aikin bincike kan wata matsala ta rayuwa, da kuma ɗabi'un ƙungiya. Kowanne nauyinsa ɗaya. Bayan haka, a ƙarshen kowane wasa alƙalin tebur yana ba ƙungiya makin hali: 3 ga wadda ta yi abin da ya kamata, 4 ga wadda ta wuce haka, 2 ga wadda halinta ke da gyara. Wannan maki ana haɗa shi da na ɗabi'u. Saboda haka ɗalibanmu biyar na misalin farko suna iya gyara na'urarsu su ci maki mai yawa a zagaye na biyu, amma asharin nan ya riga ya shiga takarda.

A gasar manyan ɗalibai ta FIRST ana amfani da kati kamar a ƙwallon ƙafa. Doka ta wajabta wa kowa kyakkyawar mu'amala da kowa, kuma ta ambaci munanan kalamai cikin abubuwan da ba a yarda da su ba. Ana fara jan kunne da baki. Idan aka maimaita sai katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Kati biyu masu ruwan ɗorawa suna zama jan kati, jan kati kuwa yana soke wa ƙungiya sakamakon wasan da aka ba ta shi. Ko ƙorafi ma yana da hanyarsa. Ba a yarda ƙungiya ta yi cincirindo a kan alƙali ba. Akwai wurin da aka shata a gefen fili, ɗalibi zai tsaya a ciki ya jira babban alƙali ya zo ya saurare shi.

A gasar VEX kuwa, doka ta farko cikin dokokinta na gaba ɗaya ita ce girmama kowa. Ta shafi ɗalibai, ta kuma shafi duk wani babba da ke tare da ƙungiyar. Wanda ya ci mutuncin ma'aikacin gasa ko abokin takara yana iya jawo wa ƙungiyarsa a soke mata wasa, ko a hana ta lambar yabo.

Abin lura kuma, lambar da FIRST ke ɗauka mafi daraja a gasar manya ba ta wanda ya lashe wasan ƙarshe ba ce. Ana ba da ita ga ƙungiyar da ta fi zama abin koyi, ta fi amfanar makarantarta da unguwarta.

Me ya sa aka tsananta haka?

Dalili na farko yana cikin tsarin wasan kansa. A gasar manya ba a karawa ɗaya da ɗaya. Ƙungiyoyi uku ne ke haɗuwa su fuskanci wasu uku, kuma a zagayen share fage kwamfuta ce ke cakuɗa su. Wanda ka kara da shi da hantsi, da azahar shi ne abokin tafiyarka. Idan ka yi masa ihu da safe, da wane ido za ka dube shi ku tsara dabara bayan awa uku? Sa'annan idan aka zo zagayen ƙarshe, ƙungiyoyin da ke sama su ne ke zaɓar waɗanda za su yi tafiya tare. Suna duba ƙarfin na'ura, suna kuma tuna wanda aka ji daɗin aiki da shi. A nan ake ganin gaskiyar cewa baki shi kan yanka wuya.

Na biyu, wurin cike yake da yara. A gasar LEGO akwai 'yan shekara tara. Na uku, yawancin alƙalai da masu shirya fili 'yan sa-kai ne, ba a biyansu. Mutumin da ya bar gidansa ranar hutu don ya taimake ka bai cancanci tsaki ba. Na huɗu, ana watsa yawancin manyan gasanni kai tsaye ta intanet, kowa kuma yana riƙe da waya. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa. Rigar da ke jikinka tana ɗauke da sunan makaranta, kuma wanda ya ga bidiyon ba sunanka zai riƙe ba, cewa zai yi yaran Kebbi ne.

Na biyar shi ne aikin injiniya kansa. Idan na'ura ta ƙi aiki, ana buƙatar wanda ya yi kuskure ya buɗe baki ya ce shi ne ya canza lamba a cikin umarni, ko shi ne bai ɗaure waya ba. A ƙungiyar da ake zagin mai kuskure, kowa ɓoye nasa yake yi, sai a ɓata minti goma ana laluben abin da mutum ɗaya ya sani. Zagi yana jinkirta gyara.

Masu cewa ai sabo ne

Akwai 'yan'uwa da za su ce ashar tsakanin abokai ba zagi ba ne, ɗanɗanon hira ne, kuma yana sauke zafin rai. Maganarsu ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. A 2009 wani masanin halayyar ɗan Adam, Richard Stephens na jami'ar Keele a Ingila, ya sa mutane suka tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara. Ya gano cewa sun fi daɗewa suna jurewa idan suna maimaita kalmar ashar fiye da idan suna maimaita kalmar yau da kullum. Amma a binciken da ya biyo baya a 2011, ya ga cewa waɗanda suka saba ashar kullum ba su samun wannan sauƙi sosai. Kuma gwajin a kan zafin jiki ne, mutum shi kaɗai da ruwan sanyi, ba wanda ake jifa da kalmar. A filin gasa kuwa akwai kunnen da za ta faɗa a ciki.

Gaskiya ne kuma Hausa tana da wasan barkwanci. Bafulatani da Babarbare suna tsokanar juna, haka Bakano da Bazazzagi, haka Bagobiri da Bayarabe, haka taubasai. Amma wannan wasa yana da sharaɗi: su biyun sun san da shi, sun kuma yarda da shi. Ɗalibin da ya zo daga Enugu ko Legas bai san cewa kai da abokinka haka kuke gaisawa ba. Alƙali ma bai sani ba, abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta. Kada kuma wani ya yi tunanin zai fake da Hausa a Abuja don ba za a gane ba. Kalmomin zagin Hausa su ne farkon abin da baƙi ke koya, ko direban da bai iya gaisuwa da Hausa ba ya san su.

Ba baki kaɗai ke zagi ba

Tsaki zagi ne. Harara, murguɗa baki, gatse, habaici da dariyar ƙeta idan na'urar wani ta kife, duk cikin lissafi suke. Haka ƙin miƙa hannu bayan wasa, da jifa da abin sarrafa na'ura don fushi, da buga tebur. Haka ware wani a cikin ƙungiya, kamar a ce wa ɗaliba ta tsaya wajen zane da ado ta bar wa maza rubuta umarni. Masu tantance ɗabi'u suna lura da wanda ke magana da wanda aka hana magana.

Alamun hannu kuma suna da haɗari idan an haɗu da baƙi. A wurinmu buɗe tafin hannu da ware yatsu biyar a fuskar mutum daƙuwa ce. A Amurka, idan ɗalibi ya ɗaga maka tafin hannu bayan wasa, so yake ku tafa don murna. A ƙasar Girka kuwa, inda aka yi gasar FIRST Global ta 2024 a birnin Athens, wannan alama zagi ce kamar yadda take a Hausa. Darasin biyu ne: ka kiyaye hannunka, kuma kada ka yi saurin fushi da alamar da ba ka san ma'anarta a wurin mai ita ba.

Darasi daga Matan Fada

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga gasar da aka gina a kan mutunta juna. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asalinsa na zamani daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, ziyarar da ta tabbatar da zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi bayan daɗaɗɗiyar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Dubban masunta ne ke jeruwa a bakin Matan Fada da homa da gora, kowa na son ya kama kifin da ya fi nauyi, amma ana jiran izini kafin a faɗa ruwa, kuma akwai Sarkin Ruwa da ake jin maganarsa. Da babu wannan tsari, da bikin ya koma rikici tun da daɗewa.

A fagen kokawa ma haka. Ɗan kokawa yana kirari, yana cika baki, 'yan kallo suna jin daɗi. Amma kowa ya san bambancin wasa kai da zagin iyayen wani. Sau da yawa za ka ga wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya ɗaga wanda ya faɗi. To a gasar mutum-mutumi ma an yarda da kirari. Ku yi take, ku yi tafi, ku ɗaga tutar makaranta. Iyakarsa kawai kada ya koma ƙasƙanta wani.

Ga malamanmu da 'yan rakiya

Cikin girmamawa muke tunatar da malamanmu cewa doka ta haɗa da su. Malamin da ya daka wa ɗalibi tsawa a gaban jama'a, ko ya kira shi daƙiƙi don na'ura ta tsaya, ko ya tsallaka layi ya yi wa alƙali hayaniya, ƙungiyarsa ce za ta biya. Waɗannan gasanni sun kuma dage a kan cewa ɗalibai ne za su yi aikin da hannunsu, malami jagora ne. Abin da ɗalibi ya ji daga bakin malami a ɗakin gwaji, shi zai fito daga bakinsa ranar da ransa ya ɓaci. 'Yan kallo su ma su sani cewa yi wa wata makaranta ihu ba goyon baya ba ne.

Abin yi idan rai ya ɓaci

Hali ba ya canzawa ranar gasa, sai an fara tun a wurin atisaye. Ga shawarwarin da muke bai wa kowace ƙungiya:

Ku zauna tun farko ku yarda da dokar baki a tsakaninku, ku rubuta ta ku manna a inda kuke aiki. Wanda ya karya ta shi zai share ɗaki ko ya tattara kaya.

Ku tanadi kalmar da za ta maye gurbin ashar. Hausa ba ta rasa su ba: kash, assha, wayyo, subhanallahi. Duk suna sauke abin da ke ƙirji ba tare da sun taɓa mutuncin kowa ba.

Ku yi magana a kan matsalar, ku bar mutumin. Maimakon "kai ne ka kashe mu", a ce "tayar hagu ce ta kwance, miƙo sukundireba". Ta farko tana haifar da musu, ta biyu tana kawo gyara.

Ku zaɓi mutum ɗaya mai sanyin rai wanda zai riƙa magana da alƙali. Ya gaishe shi, ya ce, "Yallaɓai, don Allah ina da tambaya a kan makin aiki na uku," ya faɗi dokar da yake dogaro da ita, ya saurari amsa, ya yi godiya ko da hukuncin bai yi masa daɗi ba.

Idan wani ya zage ku, kada ku rama. Ku sanar da malaminku ko jami'in gasa. Wanda ya rama ya shiga takarda ɗaya da wanda ya fara.

Idan kuma bakinka ya suɓuce, nemi afuwa nan take, a gaban waɗanda suka ji. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma alƙalai suna ganin wanda ya gyara kuskurensa kamar yadda suke ganin wanda ya yi shi.

A ƙarshe, bayan kowane wasa ku je ku gaisa da waɗanda kuka kara da su, ku tambaye su yadda suka haɗa hannun na'urarsu. Galibi za su nuna muku, ku koma gida da ilmin da ba ku zo da shi ba.

Wasu cikinmu suna burin shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, wasu jami'ar Aliero, wasu Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Duk inda mutum ya je, zai tarar ba a gina gada ko injin casar shinkafa da hannu ɗaya, kuma ba wanda ke son aiki da gwanin da ba ya iya riƙe bakinsa. Muna roƙon 'yan kulob ɗin JETS da su fara gwada dokar baki daga atisayensu na wannan mako, 'yan muhawara da 'yan ƙwallo su ma su bi sahu. Mai ƙarin bayani ko saɓanin ra'ayi ya rubuto ya jefa a akwatin ƙungiya, za mu manna shi a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Mu kwana nan. Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.